Ranar Haihuwar Biba

Tudun Aduwa, 5 ga Nuwamba 2017

Zuwa ga malamina, Baba Mushe Fannami, a Gure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ya Jannat da duk mutanen gida. Ni ce Zara 'yar Malam Salihu mai ɗinki, wadda ka koyar a aji biyar da shida, wadda kake cewa bakinta ya fi hannunta sauri. Shekara biyu ke nan da aka turo ni koyarwa nan Tudun Aduwa, arewa da Kelle. Babu rezon waya a garin sai an hau tudu, an kuma ce mini kunnenka ba ya jure waya yanzu, shi ya sa na ba Idirisa direban motar kasuwa wannan takarda.

Baba, lakwal ɗinmu, wato makarantar tamu, rumfar zana ce guda biyu, ni ce malama, ni ce shugaba. Da aka buɗe bana yara arba'in da ɗaya ne a rajista. Yau da safe na ƙirga ashirin da shida. Damina ba ta yi ba, ciyawa ko idon sawu ba ta kai ba, motar da ke kawo mana abincin yara kuma tun bara ba mu sake ganin ta ba. Yaron da bai karya ba, me zan ce masa ya zauna ya ji lissafi?

Jiya ina share allo sai na tuna da kai. Kowace safiya kafin mu shigo ka riga ka rubuta a sama: "A rana irin ta yau." Mukan yi tsere don mu riga juna karantawa. Har yanzu ina tuna ranar da ka ba mu labarin karyar da aka saka a kumbo aka harba sama, Mamadu ɗan ajinmu ya yi ta kuka da ka ce ba ta dawo ba. In ranar haihuwar wani ta zo kuma, sai ka tsayar da shi gaban aji ka gaya masa manyan mutanen da ya haɗa rana da su. Mutum ya yini yana tafiya kamar an naɗa shi.

Ina wannan baƙin kundin naka? In yana nan, ka ara mini. Ba ni da abin da zan ba yaran nan, ko labari ne in samu in riƙe su da shi.

Ka gaishe mini da Ya Jannat. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Zara

*

Gure, 12 ga Nuwamba 2017

Zuwa ga 'yata Zara.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta same mu lafiya, Jannat tana amsawa. Na gane ki tun kafin in kai ga sunan mahaifinki, domin har yau ba kya rufe bakin harafin "a".

Kundin yana nan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina tara shi, daga rediyo, daga bayan tsohon ƙamus, har daga kalandar da aka ƙunso mini ƙosai a ciki. Shafi ɗari uku da sittin da shida ne, kowace rana da nata. Tun da na ajiye alli, shekara tara ke nan, ke ce ta farko da ta tambaye shi. Jikokina in na buɗe baki sai su ce, "Kaka, ai duk yana cikin waya."

Ba zan ba ki aronsa ba. Ɗinkinsa ya kwance, in ya hau motar Idirisa watan Afirilu zai sauka a Kelle, na Mayu ya sauka a cikin rairayi. Zan riƙa kwafo miki kowane mako, ko da yake idona na dama ya fara yi mini rowa. Ga na farko, har da biyu na watan gobe:

17 ga Nuwamba 1869, aka buɗe mashigin ruwa na Suwez a Masar, wanda mutane suka haƙa don jiragen ruwa su daina kewaye Afirka. Ki tambaye su rijiya nawa ke nan.

17 ga Disamba 1903, jirgin sama na farko ya tashi a Amurka. Daƙiƙa goma sha biyu ya yi ya sauko. Ki sa su ƙirga da baki, su ji ƙanƙantarsa.

18 ga Disamba 1958, ƙasarmu ta zama jamhuriya. Wannan kin sani.

Kada ki karanta musu kamar sanarwar rasuwa. Ki rubuta, ki yi shiru, ki bar su su tambaya. Sannan ki aiko mini da sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa, in shirya wa kowa nasa.

Allah ya dafa miki. Ki gai da maigari.

Malaminki,
Fannami

*

Tudun Aduwa, 17 ga Disamba 2017

Baba Mushe,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya idon?

Abin ya yi aiki. Yara huɗu da suka daina zuwa sun dawo, suna leƙowa da safe su ga abin da ke allo. Ranar Alhamis na riga na ba su labarin jirgin, suka ƙirga sha biyu, wani ya ce zabuwarsu ma ta fi haka daɗewa a sama.

Amma maganar ranakun haihuwa ta ba ni kunya. Na buɗe rajista in kwafo maka, sai na ga cikin yara talatin, goma sha tara duk 1 ga Janairu aka rubuta musu. Ka san yadda ake yi. In ba a rubuta yaro ran da aka haife shi ba, daga baya a jujuma, takardar haihuwar nan da alƙali ke yi, sai a ɗora shi kan farkon shekara. Biyar kuma ba su da takarda ko ɗaya. Na ce to, duk za mu yi bikinsu rana ɗaya. Kowa ya yi murna ban da yarinya guda.

Sunanta Biba, 'yar Jibirin ce, makiyayi, rugarsu tana bayan tudu. Ita ce kan ajin, ba na biyu kusa da ita. Tana cikin marasa takarda, kuma in ba ta samu ba, ba za a karɓi sunanta a kolej ba. Da aka tashi sai ta tsaya a bakin rumfa.

Ta ce, "Madam, ni ba na son 1 ga Janairu."

Na ce me ya sa.

Ta ce, "Ba tawa ba ce. Ta waɗanda ba a san tasu ba ce. Ni Inna ta san tawa."

Ranar Juma'a na bi ta rugar. Mahaifiyarta Aisatu tana da ciki, tana zaune tana kaɗa ɗan nonon da ya rage musu. Na tambaye ta. Ta ce ita ba ta san wata ba, ba ta san shekara ba, amma ba za ta manta ba. Lokacin zafi ne, suna wata rijiya ta wajen Tanut. Naƙuda ta kama ta tun safe. Da hantsi sai gari ya fara duhu ba hadari, iska ta yi sanyi, shanu suka juyo gida da kansu, taurari suka fito. Mata suka watse suna salati, aka bar ta da tsohuwa ɗaya. Ta ce, "Na ɗauka tashin duniya ne, na ce ashe ba zan ga fuskar abin da ke cikina ba. Rana na dawowa, yarinyar nan na faɗowa."

Baba, ko kundinka ya san wannan rana? Biba kullum sai ta tambaye ni ko motar Idirisa ta zo.

An ce masu yin takardun yara za su zagayo ƙauyuka a watan Fabrairu. In mun san ranar, sai a rubuta mata ta gaskiya.

Ka huta lafiya.

Zara

*

Gure, 7 ga Janairu 2018

'Yata Zara,

Bayan sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, na huɗun na karanta wa Jannat da ƙarfi har maƙwabta suka ji.

Na san ranar. Husufin rana ne na Laraba, 29 ga Maris 2006. An yi wasu ƙanana kafinsa da bayansa, amma wanda taurari suka fito da hantsi, cikin zafi, a wajen Tanut, shi kaɗai ne. Nan Gure saura ƙiris ta rufe duka. Ina aji a lokacin. Na fitar da yara tsakar lakwal, na hana su kallon sama, na huda kwali muka ga rana a ƙasa kamar jinjirin wata. Liman ya ja salla, kaji suka hau makwanci. Na rubuta shi a kundi da hannuna a ranar, ban san ana haihuwar wata a bakin rijiya ba.

Shekara talatin da ɗaya ina gaya wa yara abin da ya faru a ranarsu. Ban taɓa nemo wa yaro ranar kanta ba sai yau.

Ki gaya mata ranar, ki kuma rubuta ta babba a rajista don masu takarda. Amma abin da ke shafin kada ki tambaye ni yanzu. Shafin 29 ga Maris yana da kyau ƙwarai, ba na so a ɓata shi da gaggawa. Na yi niyya in hau motar Idirisa in zo da kaina, in tsayar da ita gaban aji kamar yadda nake yi muku. Jannat ta ce tsufa ne ke wasa da ni. Ki bar yarinyar ta jira. Wata biyu da mako uku ne.

Na goma sha taran nan, ki gaya musu ba su yi asara ba. Ran 1 ga Janairu ƙasar Haiti ta sami 'yanci a 1804, Sudan a 1956, Kamaru a 1960.

Idon yana nan. Da safe ina gani, da la'asar kamar an rufa mini mayafi. Ɗana Husseini ya matsa sai na je Damagaram an duba.

Allah ya yi miki albarka.

Fannami

*

Tudun Aduwa, 25 ga Fabrairu 2018

Baba Mushe,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Na gaya wa Biba ranarta tun a Janairu. Ta rubuta a bangon kayenta, littafin da take rubutu a ciki, ta rubuta a ƙofar rumfa da gawayi, ta koya wa mahaifiyarta faɗin ta. Kowace safiya tana gaya mini kwana nawa ya rage. Yau ta ce talatin da biyu.

Ba na jin za ta kai. Ciyawa ta ƙare ƙaf. Shanu suna cin tsumma da leda. Tsakanin lakwal da rijiya na ƙirga mushe bakwai, ba ka iya wucewa sai ka toshe hanci. Gidaje suna ta tashi suna yin kudu, yara goma sha uku suka rage mini. Masu takardu kuma an ce an ɗage zuwansu, ba a faɗi rana ba. Na hau tudu sau huɗu ina kiran su, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka.

Shekaranjiya Jibirin ya zo da kansa. Mutum ne mai kunya, bai shiga rumfa ba, ya tsuguna a waje da sandarsa.

Ya ce, "Madam, na zo in gaya miki da bakina, kada ki ji a wurin wani. Za mu tashi."

Na ce ya bar mini Biba. Ɗakina ya ishe mu, abin da na ci ta ci, wata huɗu kawai ya rage a gama shekara.

Ya gyara riƙon sandarsa. Sannan ya ce, "Na san kanta yana ja. Ni ma ina jin daɗi in ta karanta mini takardar allurar dabbobi. Amma shanuna talatin da biyu ne da kaka, yau goma sha ɗaya. Wanta ya tafi Libiya, shekara biyu ba labari. Uwarta ga yadda take, ba ta iya jan guga. In na kora shanu, wa zai kora awaki? Wa zai ɗebo ruwa?"

Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen Maris kawai, akwai wani dattijo da zai taso tun daga Gure saboda ita.

Ya ce, "In shanun sun yarda."

Ban iya jin haushinsa ba, Baba. Na so in ji, ban iya ba.

Don Allah kada ka jira ranar. Ka kwafo shafin ka ba Idirisa a wannan makon. In ka zo daga baya, sai mu sake yi. Ka aiko shi yanzu.

Zara

*

Gure, 22 ga Maris 2018

'Yata Zara,

Assalamu alaikum. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Hawa ce maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, nake faɗa tana rubutawa.

Takardarki ta iso kwana ɗaya bayan Husseini ya tafi da ni Damagaram. Mako uku na yi can. Jannat ba ta karatun boko, sai ta adana ta cikin kwalla da kyau, ta ɗauka gaisuwa ce. Jiya na dawo aka karanta mini. Ban ci abincin rana ba.

Likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire. Jijiyar ce ta mutu a na dama, na hagu kuma yana bin sa. An ba ni maganin ɗigawa don ya rage sauri, ba don ya dawo ba. Tafiya Tudun Aduwa ta faɗi.

Laifina ne. Tun Janairu ya kamata in aiko. Na so a gan ni tsaye gaban aji sau ɗaya kafin in mutu, na riƙe abin yarinya saboda kaina. Ga shi, in Allah ya sa tana nan. Hawa, rubuta shi a takarda dabam, da manyan baƙaƙe.

Zuwa ga Biba 'yar Jibirin. A rana irin taki, 29 ga Maris:

A 1947, mutanen tsibirin Madagaska suka tashi neman 'yancinsu daga Faransa. An kashe da yawa, amma bayan shekara goma sha uku suka samu.

A 1974, a ƙasar Sin, wasu manoma suna haƙa rijiya saboda fari, sai suka ci karo da kan mutum na yumɓu. Da aka ci gaba da tono aka tarar da sojoji dubbai na yumɓu, da dawakinsu, kowane da irin fuskarsa, sun fi shekara dubu biyu a tsaye a ƙarƙashin ƙasa.

A wannan rana dai, a wannan shekara, wani kumbo marar mutum ya wuce kusa da duniyar da ta fi kowace kusa da rana, ya aiko da hotonta.

A 1991 aka haifi N'Golo Kante, ɗan ƙwallon nan gajere da ba ya gajiya, wanda iyayensa mutanen Mali ne. Ki gaya wa mazan ajinku, za su yi kishi.

A 2006 rana ta yi duhu da hantsi tun daga Gana har Libiya, masana suka taso daga ƙasashe masu nisa don su gani. A ranar aka haifi Biba a bakin rijiya. Na ƙara wannan a kundi, Hawa ta rubuta mini.

Zara, ki sanar da ni ko ya same ta.

Fannami

*

Tudun Aduwa, 8 ga Afirilu 2018

Baba Mushe,

Gaisuwa da jaje. Allah ya sa kaffara ne, ya ba ka haƙuri. Ka gode wa Hawa.

Bai same ta ba. Sun tashi ran 19 ga Maris, bayan saniya biyu sun faɗi a rana ɗaya. Ta biyo ta lakwal da sassafe, tana janye da jaki, ta kawo mini littafin karatu na aji. Na ce ta riƙe. Ta ce a'a, na gwamnati ne, kada a ce ta sata. Kayenta kawai ta ɗauka.

Ta ce, "Madam, saura kwana goma."

Na ce na sani.

Ta ce, "Ko abu ɗaya ba ki sani ba daga ciki? Ko ƙarami?"

Ban sani ba, Baba. Na tsaya ina neman abin da zan ƙirƙira, na kasa yi mata ƙarya. Babanta ya kira ta daga kan tudu, ta tafi.

Ran 29 na rubuta shafin duka a allo. Yara shida ne a ajin. Na karanta musu, suka ji daɗin sojojin yumɓu, ɗaya ya tambaya ko in an haƙa tamu rijiyar za a samu. Da na kai layin ƙarshe, na Biba, sai na ce su fita shan iska.

Na kwafi shafin na ba wani makiyayi, Burahima, da zai bi hanyar Bune zuwa kudu. Ya ce in ya gamu da su zai bayar. Ban sa rai ba.

Kada ka ɗora wa kanka. Ko da ya iso a Janairu, da tafiyar za ta yi. Takardar haihuwar ma har yau ba a zo yi ba.

Sauran labarin ba shi da daɗi. An aiko cewa lakwal mai yara ƙasa da goma za a rufe ta, a haɗa da ta wani gari mai nisan kilomita goma sha huɗu. Ba wanda zai tura ɗansa can. Ƙarshen wata za a kwashe allo da bencuna. Ni kuma na gaji. Yayata da ke Agadas ta daɗe tana kira na in je in taya ta a shagonta na ɗinki, na ce mata to. Na san abin da za ka ce. Shekara biyu da rabi ina tara yara kamar mai tara ruwa a kwando, ban kai ko ɗaya kolej ba.

Kada ka ƙara wahalar da Hawa da kwafi. Ba allon da za a rubuta a kai.

Ka yafe mini. Ka gai da Ya Jannat.

'Yarka,
Zara

*

Gure, 15 ga Afirilu 2018

'Yata Zara,

Wa alaikumus salam. Ba abin da zan ce, kuma ba abin yafewa. Kin zauna inda maza uku suka gudu kafin ke, Idirisa ya gaya mini.

Na so in ba ki kundin ki tafi da shi, sai na tuna a shagon ɗinki ba shi da aiki. Husseini zai mayar da mu Damagaram wurinsa kafin azumi, ya ce ba zai bar makaho da tsohuwa su kaɗai ba. Gidan nan za a rufe. Na sa Jannat ta naɗe kundin a zane ta saka a ƙasan akwati. Da safe nakan tambaye ta yau nawa ga wata, in gwada ko zan tuna shafin. Wasu suna zuwa, da yawa sun tafi.

In kin bi ta Gure kafin mu tashi, ki tsaya mu gaisa. In ba ki samu ba, Allah ya kiyaye hanya, ya sa ki dace.

Malaminki,
Fannami

*

Kusa da Macina, 24 ga Yuni 2018

Zuwa ga Madam Zara, Lakwal Tudun Aduwa.

Assalamu alaikum Madam. Ina gaishe ki da kyau. Ina gaida 'yan ajinmu duka. Ni ce Biba. Na rubuta da Hausa don Faransancin ya fara gudu daga kaina.

Takardar Mushe ta same ni, Burahima ya kawo. Akuya ta ci gefe ɗaya amma na karanta sauran. Na haddace. Ki ce masa na gode.

Shanunmu huɗu suka rage. Baba ya ce bana ba za mu koma ba, yana yi wa wani mutum kiwo. Ki ajiye mini wurina a benci na gaba. In masu takarda sun zo ki gaya musu ranata.

Madam, Inna ta haihu ran 9 ga Mayu, namiji. Ni na duba kayena na rubuta ranar. Jini bai tsaya ba, ta rasu kafin la'asar. Yaron yana nan, an sa masa Fadilu, ni nake goyon sa, muna ba shi nonon akuya.

Ina roƙon ki tambayi Mushe abin da ya faru ran 9 ga Mayu, da waɗanda aka haifa. Ya zaɓo masu daɗi. In Fadilu ya girma ya tambaye ni ranarsa, ina so in sami wani abin da zan gaya masa ban da wannan.

Ki ba duk wanda zai yo kudu amsar. Ina jira.

Ɗalibarki,
Biba Jibirin